Shekarar da Gaskiya Ta Kama Ɗanladi

Ku yaran nan da ke zama bakin titi a Kankia, kowa ya duƙa a kan wayarsa yana danna zagi, kuna cewa ku ma sojojin baka ne, ku matso ku ji. Kun ɗauka aikin shi ne a wage baki a ce wane ɓarawo ne. Wannan ai ko mahaukacin tasha yana yi, kuma ba mai biyansa. Sojan baka shi ne wanda ɗan siyasa ke saya wa fili a rediyo, ya shiga ya wanke ubangidansa tas, ya shafa wa na wancan ɓangaren kashin kaji, ya fito a haɗu da shi a masallaci a gaisa kamar bai yi komai ba. Da wannan sana'a na yi aure, da ita na rufa wa tsohuwata ɗaki da kwano. Sunana Lawal, amma a rediyo Guduma ake ce mini.

Aikina na farko riƙon batir ne. Maigidana Malam Iro Mai Lasifika, Allah ya jiƙansa, yana da wata tsohuwar mota da lasifika biyu ɗaure a kanta da igiya. Muna bin kasuwanni, yau Kankia, gobe Rimaye, jibi Kusada. Da hantsi yana tallar maganin basir, da la'asar yana tallar ɗan takara, kuma ba ya wahalar da kansa wajen canja kalmomi. Duka biyun an gwada an tabbatar, duka biyun ba su da illa, duka biyun suna aiki nan take. Ni ina baya rungume da batir don kada waya ta cire in mun faɗa rami. Na daɗe a haka, har na fara zaton ya manta ina da baki.

Ranar da ya miƙo mini makirufo a kasuwar Rimaye, sai na zage damtse. Wani ɗan takarar kansila aka ce in taɓa, ni kuwa na yi masa tatas, har na tono maganar wata akuya da ta shiga gidansu tun zamanin kakansa ba ta fito ba. Kasuwa ta ɗauki shewa, kaina ya yi girma. Muna barin gari Malam Iro ya taka birki, ya kama kunnena ya murɗe.

"Kai wawan ina ne?" in ji shi. "Ka kashe mutum yau, gobe wa za mu zaga? Akuyar nan abincin wata guda ce, ka zubar da ita rana ɗaya. Wanda ya kashe abokin gardamarsa ya kashe kasuwarsa."

A nan na koyi cewa in za ka bugi mutum, ka bar masa inda zai rama. In ya rama ne ubangidanka zai ji zafi, ya sake saya maka fili. Abu na biyu kuwa, shi ne wanda Malam Iro ya fi nanatawa har ya bar duniya: kada ka kuskura ka yarda da maganar bakinka. Yakan ce mai tallar magani da ya fara shan maganinsa, kwanansa a kasuwa ya kusa ƙarewa.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da sirrinsa. Citta da kanumfari da zuma ba sa rabuwa da aljihuna, ruwan sanyi kuwa ni da shi sai kallo. Waya biyu nake riƙewa, ɗaya ta ubangidana na yau, ɗaya ta wanda zai iya zama ubangidana gobe. Akwai ƙaramar rediyo ta jin abin da abokan gaba suka faɗa. Sai babbar riga. Za ku ce wa ke ganin riga a rediyo? Ɗan siyasa ke gani, a harabar gidan, kafin ya sa hannu a aljihu. In rigar ta cika kyau zai ce ka ƙoshi. In ta cika tsufa zai ba ka abin da ake ba mabaraci. Ana son riga mai mutunci wadda wuyanta ya fara cinyewa, mai nuna cewa mai ita ɗan gidan girma ne da jam'iyya ta manta da shi.

Wani aiki da ba na mantawa shi ne na kwalbati. Ubangidana na lokacin shugaban ƙaramar hukuma ne, ya gina kwalbati a wata hanyar ƙauye, aka yi bikin buɗewa da makaɗa. Ruwan farko ya zo ya tafi da ita, har da allon da aka rubuta sunansa. Aka kira ni da sassafe. Na tauna citta, na shiga fili na ce jama'a su yi wa Allah godiya, don tun da aka kafa ƙaramar hukumar nan ba a taɓa samun shugaban da ruwan albarka ya sauka a zamaninsa har ya fi ƙarfin siminti ba. Washegari abokin karawata ya amsa cewa lallai ruwan albarka ne, tunda shi kaɗai ne ya taɓa bincikar aikin ɗan kwangila. Muka ci abinci a kan kwalbatin nan har damina ta wuce, alhali ita tana kwance a cikin rafi.

Abokin karawar nan shi ne Ɗanladi, mutumin Ƙofa ta ƙasar Kusada. Siriri ne, muryarsa ba ta da kauri, amma in ya soka maka magana sai ka kwana kana sosa wurin. Duk jam'iyyar da nake ciki, shi yana ɗayar, kuma masu sauraro sun rantse ko ga maciji ba ma yi. Abin da ba su sani ba, mota ɗaya ke kai mu Katsina ɗaukar shiri. Yakan zo Kankia ya same ni a tasha, mu matse a kujerar gaba. Kafin mu kai na gaya masa inda zan buga, ya gaya mini inda zai rama, wani lokaci ma ya gyara mini karin magana. Muna shiga harabar gidan rediyo kowa ya ɗaure fuska ya kama inuwarsa. A hanyar dawowa mu sayi rake mu raba. Gonarsa ba ta fi ta kai shi rani ba, bakin nan ne ke ciyar da iyalinsa, kuma sunan da bakin ya yi masa ne ya sa ake tashi a ba shi tabarma a majalisar Ƙofa. Su biyun nan, abincinsa da mutuncinsa, su ya saka a caca a shekarar da zan ba ku labari.

Gidan rediyon da muke aiki ba zan kama sunansa ba, don sojan baka ba ya kama suna sai an biya. Babban gida ne mai rassa a garuruwa, ba abin da ake yi daga safe zuwa yamma sai siyasa. Mai shi wani Alhaji ne, jigo a jam'iyyarmu ta adawa. Amma yana sayar wa masu gwamnati fili kamar kowa, don manajansa ya ce fili haja ce, kuɗi kuma ba su da jam'iyya.

Ana gab da damina gidan ya fito da wani shiri na taki. Aka ce manoma su kawo kuɗinsu ta hannun ƙungiyoyin masu sauraro, gidan zai sayo musu taki kai tsaye daga kamfani, da rahusa, ba ɗan tsakiya. Manufar ita ce a kunyata gwamnati. Mutanenmu kuwa kun san su, in aka ce rediyo ta faɗa, to magana ta ƙare. Mata suka sayar da awaki, maza suka buɗe rumbu. Yayan Ɗanladi, Malam Audu, dattijo mai kunya da ba ya shiga sabgar siyasa, ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu ya kai kuɗin. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko, masara ta kai gwiwa tana jiran taki. Shiru kake ji. Sai direban manaja ya yi suɓutar baki a teburin mai shayi cewa kuɗin manoma ne suka sayi man janareta, suka biya albashin da aka daɗe ana bi, suka buɗe sabon reshe, ragowar kuma ita ce motar da yake tuƙawa.

Kafin a ce kwabo gari ya rabu biyu. A tashar Kankia direbobi suka daina lodi suna gardama. A majalisu, wanda ke jam'iyyar gwamnati ya ce ɓarayi ne, wanda ke tamu ya ce sharri ne, ko da kuwa shi ma akuyar matarsa na ciki. Na ga mutumin da kuɗinsa suka nutse yana ɗaga murya, jijiyar wuya ta tashi, yana kare waɗanda suka cinye su, don kawai maƙwabcinsa ɗan wancan ɓangaren ne. Ana ta cewa wa ya yi, wa bai yi ba, amma ban ji wanda ya tambayi ina takin ba.

Wankin gidan ya faɗo kaina, kuma ku saurara ku ji yadda gwani ke yi. Da farko na ce abin bai faru ba. Da motar manaja ta ƙi ɓoyuwa, na ce ya faru amma rance ne, kuma rance ba sata ba ne sai in wanda ya ci shi ya mutu bai biya ba. Da wannan ya tsufa, na tambayi masu gwamnati ina kuɗin gyaran asibiti, waɗanda sun ninka na taki. Daga nan na ce me ya sa sai yanzu da zaɓe ya matso? Kowane ɗaya na ja shi har ya yi laushi kafin in ɗauko na gaba. Ɗanladi yana sara, ina karewa. Jam'iyyun biyu suna rige-rigen sayen fili a gidan da ake tuhuma don a tattauna satar gidan, masu talla suka yi ca saboda kowa na saurare. Manaja ya ce bai taɓa ganin kasuwa irin wannan ba. Ni ma, ba zan ɓoye ba, a makonnin nan na canja wa babur taya.

A cikin wannan daɗi na lura Ɗanladi ba lafiya. Ya daina gaya mini inda zai buga. Ya daina karin magana. Wata rana ya shiga fili, maimakon ya ce ɓarayi kamar yadda aka biya shi, sai ya kama ba da labarin gonar yayansa a hankali: yadda ganyen masara ya koma ruwan ɗorawa tun daga ƙasa, yadda san da ya rage ke tsaye shi kaɗai a turke ba abokin ja, yadda Malam Audu ke fita gona da sassafe ya tsaya yana kallo ya dawo gida. Bai zagi kowa ba. Ina zaune a waje ina ji, ban ga inda ya bar mini in rama ba.

A mota na ce masa, "Ɗanladi, lahiya? Yau kamar da gaske kake."

Ya ce, "Da gaske nike, Lawal."

Na yi salati. Na ce, "Kai ko ka san abin da ka ɗauko? Ciwon ga ba shi da magani a sana'armu. Ka je ka kwanta ka huta."

"Tuwon da ake ci gidan Yaya shina raguwa kullum," in ji shi. "Mi kake so in yi, in yi mashi karin magana?"

Ranar ko raken bai sha ba.

Sai aka yi juyi. Alhaji mai gidan rediyo ya duba gabas ya duba yamma, ya ga maganar bincike ta fara ƙarfi, sai ya tattara ya koma jam'iyyar gwamnati, aka karɓe shi da kiɗa. Da safe wayata ta farko ta yi ƙara, ubangidana ne.

"Guduma, gidan rediyon nan na ɓarayi ne."

Na ce, "Tun yaushe, ranka ya daɗe?"

"Tun jiya da la'asar. Ka shirya."

Juyi shi ne ƙololuwar sana'ar nan, a nan ake gane ɗan koyo da gwani. Abin da ka rantse a kansa jiya, yau za ka rushe shi da murya ɗaya, ba tari, ba in'ina. Ba a cewa na yi kuskure. Cewa ake yi, "Jama'a, mun yi haƙuri iya haƙuri." Kuma akwai al'adar da muka gada: in juyi ya sa abokan karawa sun yi musayar wuri, to sai su yi musayar kaya. Ka ba shi hujjojinka da ba ka ƙarasa ci ba, ya ba ka nasa, don kada abinci ya lalace.

Muka haɗu a tasha kamar kullum. Mota na tashi na fara zazzage masa kayana. Na ce maganar rance tana da sauran rai, maganar asibiti sai ya juya ta kan gwamnatin da ta wuce, kuma akwai "a bar wa Allah" da ban ko taɓa ba, sabuwa fil. Da na gama, sai ya ba ni nasa, kuma bai rage komai ba. Ya gaya mini launin san da aka sayar, da kasuwar da aka kai shi, da abin da matar Malam Audu ta ce ranar da aka fita da shi. Ya gaya mini gidajen da suka sayar da irin shuka. Ya sa na maimaita har sai da na riƙe.

Da muka isa, yaron ubangidan Ɗanladi yana jiransa a bakin ƙofa da ambulan, kuɗin wanke gidan rediyon. Ɗanladi ya kalli ambulan, ya kalli ɗakin ɗaukar shiri, ya ce, "Ka hwaɗa ma maigida ba ni iyawa." Aka yi rarrashi, aka yi barazana, aka ƙara wa ambulan kauri. Ya gyara hularsa ya fita titi neman motar komawa. A ranar aka ba wani filinsa, kuma duk harabar nan ba ɗan siyasar da ya ƙara kiransa, don ba mai ɗaukar sojan da ke zaɓen yaƙi.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Mutanen Ƙofa ba su ga abin da ya faru a Katsina ba, rediyo kawai suke da ita. Abin da suka sani, mutuminsu yana ta kuka a kan takinsu, Alhaji ya shiga jam'iyyar su Ɗanladi, washegari muryarsa ta ɓace. Lissafin bai yi musu wuya ba: an toshe masa baki. Ya shiga majalisa ba wanda ya matsa masa. Ya yi rantsuwa, aka ce ai rantsuwa ce sana'arsa. Malam Audu, wanda aka yi abin dominsa, ya daina cin abinci kwano ɗaya da shi, ya ce da kuɗin sansa aka sayi ƙanensa.

Ni kuwa na ɗauki maganganun Ɗanladi na ɗora musu muryar Guduma. Abin ya kama kamar wutar kara. Mutanen da makon jiya ke tsine mini suka ce Allah ya shiryi Guduma, ya ga gaskiya ya bi ta. Har aka kafa kwamiti saboda surutuna, ko da yake kwamitin bai haifar da ko mudu ɗaya na taki ba a daminar. Wata Juma'a sai ga dattawan Ƙofa a ƙofar gidana da jan zakara da kwanon wake, wai sun zo godiya ga mutum ɗaya tilo da bai sayar da su ba. Na karɓa, don mayar da kyauta rashin ladabi ne. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, na kasa kallon zakaran nan.

Washegari na ɗaure shi a bayan babur na nufi Ƙofa. Na tarar da Ɗanladi ya dawo daga ƙwadago a gonar wani, ƙafafunsa duk laka, ya rame. Ya shimfiɗa mini buhu a zaure. Na ajiye zakaran a gabansa na ce nasa ne, kuskuren adireshi aka yi. Ya yi dariya, karon farko tun da ciwon ya kama shi.

Na ce, "Gobe in na shiga fili zan hwaɗa ma duniya ba ka amshi ko sisi ba. Zan ce maganar da nike yi ma taka ce, baki kawai na ara mata."

Ya girgiza kai. "Ka hwaɗi haka, sai su ce wasa muke da su tun farko, kuma ba su yi ƙarya ba. Yanzu kai kaɗai suka yarda da shi a maganar takin ga. In ka zubar da wannan, wa ya rage?"

"To kai fa? Ɗiyanka fa? Yayanka ko gaisuwarka ba ya amsawa."

"Ni dai ka riƙe bakinka," in ji shi. Ya ɗaga zakaran yana auna nauyinsa, ya ƙwala wa matarsa kira ta ɗora ruwan zafi. Sannan ya juyo. "Kuma na ji ka jiya. Wurin da kake maganar san Yaya, ka cika sauri. In ka ce an fita da shi, ka tsaya kaɗan. Ka bari mutane su gan shi shina tahiya."

Da na shiga fili washegari, na zo wurin, na tsaya kamar yadda ya ce. Har mai ɗaukar shirin ya ɗago kai ya dube ni. Da la'asar wayata ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Malam Audu ne, ya ari wayar maƙwabci. Ya yi ta sa mini albarka, ya yi wa iyayena addu'a, ya yi wa zuriyata. A ƙarshe ya ce, "Guduma, da ma kai ne ƙanena."

Na ce amin. Ku da kuka ce aikin ba wuya, me kuke so in ce?